Takardar gwajin Goggo ta ce HER2 3+, wa zai fassara mana kafin mu sayar da fili?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda zai wayar min da kai. Goggona, ƙanwar mahaifinmu, shekararta 52, wata biyu ke nan da aka tabbatar tana da sankarar mama. Jiya sakamakon ɗan naman da aka yanka ya fito, a ƙasan takardar an rubuta HER2 3+. Likita ya ce irin wannan yana saurin girma, amma kuma akwai allurar da aka yi musamman dominsa. Layi ya yi tsawo, ban samu damar yi masa tambaya ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, matar da ke gadon kusa da na Goggo ita ma sankarar mama ce, gefe ɗaya ma, amma an ce wannan allura ba za ta tsinana mata komai ba. Ciwo ɗaya, magani daban? Kuma kuɗin ba na wasa ba ne, sai an sayar da filin gado. Kafin mu sayar ina so in san me za mu saya.

Uwani:
Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Sadiya 'Yar Bayokem:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya tashi kafaɗun Goggo. Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce 'yar aji huɗu, amma a kan wannan nake rubuta aikin kammalawa, don haka bari in yi karambani kafin manya su shigo.

Jikinmu gini ne na ƙananan tantanai. Tantani mai lafiya ba ya rabuwa gida biyu don kawai ya ga dama, sai an aiko masa. Ɗan aiken wani ɗan furotin ne da maƙwabtansa ke fitarwa, shi ake kira sinadarin haɓaka. Kuma ɗan aiken nan ba ya shiga cikin gida. Kamar baƙo ne a gidan kulle, iyakarsa zaure, ya yi sallama ya tsaya. A fatar tantanin akwai wani furotin da rabinsa ke waje rabinsa ke ciki, shi ne zauren. Da ɗan aike ya manne masa, sai ya haɗu da wani zaure ɗan'uwansa su zama biyu, ɓangarensu na ciki ya kunna. Daga nan yaro ya faɗa wa yaro har magana ta kai turakar maigida, wato cibiyar tantanin inda ƙwayoyin gado suke, a ce masa an ce a rabu. Yaran ma suna da sunaye: RAS ya faɗa wa RAF, shi ya faɗa wa MEK, shi kuma ya faɗa wa ERK.

HER2 ɗaya ne daga cikin zaurukan nan. Tantanin mama mai lafiya yana da wajen guda 20,000. A irin ciwon Goggo sukan kai miliyan 2, saboda ƙwayar gadon da ke ƙera su ta kwafi kanta sau da yawa. Idan suka cunkushe haka, gogar juna kaɗai ta isa ta kunna su, ba sai wani ya yi sallama ba. Maigida yana ciki yana ta jin "a rabu, a rabu" dare da rana. 3+ ɗin kuwa, an shafa wa naman wani rini ne aka duba da madubin likita, ya kama rinin ƙwarai.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Gida ɗaya zaure miliyan biyu, ai ko barci ba za a yi a gidan ba. To ita allurar me take yi?

Dokta Nafi'u:
Sadiya ta sauƙaƙa min aiki, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Hajiya Maman Hanif, allurar sunanta trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin. Tana zuwa ta manne a jikin zauren daga waje, ta rage masa surutu, kuma ta zama alama ga sojojin garkuwar jiki cewa ga wanda za su far wa. Tantanin da ba shi da cunkoson HER2 ba ta da wurin kamawa a jikinsa, shi ya sa maƙwabciyar Goggo ko an ɗura mata kwalba goma asarar kuɗi ce.

Sunan "sankarar mama" ne ke ruɗa mutane. Cikin mata 100 masu ita, 15 zuwa 20 ne ke da irin na Goggo. Mafi yawa nasu da sinadarin mata na istirojin yake girma, su ƙwaya ake ba su su yi shekaru suna sha. Akwai kuma wadda aka gwada abubuwa uku duka, wato HER2 da zaurukan sinadaran mata guda biyu, babu ko ɗaya, ita sai kemo, wato magungunan da ke kashe tantanai masu saurin rabuwa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta nuna cewa wannan nau'i na ƙarshe ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma idan aka kwatanta da Turawa.

Wani likita a Los Angeles, Dennis Slamon, shi ya wallafa a 1987 cewa matan da ƙarinsu ke da cunkoson HER2 ciwon ya fi saurin dawo musu, kuma sun fi saurin rasuwa. A lokacin wannan takarda da ke hannunki mummunan labari ce zalla. Amurka ta amince da allurar a 1998, kuma sakamakon manyan gwaje-gwaje da ya fito a 2005 ya nuna cewa idan aka haɗa ta da kemo a ciwon da bai bazu ba, haɗarin dawowarsa na raguwa da kusan rabi.

Abban Walid:
Dokta ni abin da ban gane ba, in dai wannan ɗan aike shi ke jawo masifa, me yake yi a jiki tun farko? Ba a iya kawar da shi gaba ɗaya mutum ya huta?

Sadiya 'Yar Bayokem:
Yaya Abban Walid, in aka kawar da shi ko yankan reza ba zai warke maka ba. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin 'yan kwanaki, jini kullum ana ƙera sabo, jariri a ciki da su yake girma.

Yadda aka gano su ma abin sha'awa ne. Wata mata 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, dokokin Mussolini na 1938 suka raba ta da aikin jami'a saboda Bayahudiya ce, sai ta mayar da ɗakin kwananta a Turin wurin bincike, tana fasa ƙwan kaji tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tsirowa. Bayan yaƙi ta koma St. Louis a Amurka. Can ta ga cewa in aka dasa ƙarin sankarar ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyinsa sai su yi ta tofo kamar an zuba musu taki. Wato sinadarin haɓaka na farko da aka gano, daga jikin sankara aka fara jin ƙamshinsa.

Abokin aikinta Stanley Cohen kuma ya tatsi ruwan halittar da ke samar da yawu a ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera, ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa. Ɓeran da ya saba buɗe ido a kwana 12 zuwa 14 sai ya buɗe a kwana 6 ko 7, haƙora ma suka riga lokacinsu fitowa. A 1962 ya ware sinadarin, shi ne EGF. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986. Ita matar sai da ta kai shekara 103 kafin ta rasu a 2012. An ma gwada an ga ɓeran da aka cire wa halittar yawun nan rauninsa ya fi daɗewa bai warke ba, ka san da lasa suke jinyar kansu.

Baba Ɗanlami:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma yanzu yarinyar nan ta faɗi abin da nake jira. Ta ce duk inda aka yi rauni, sinadarin nan yana kwararowa don ya warkar. Kuma kun ce shi ne abincin daji. To ashe iyayenmu sun yi gaskiya da suka ce daji ba ya son ƙarfe. Mai ɗakina shekara biyu tana yawo da ƙullutu a nono, tana daka tana tankaɗe, ba abin da ya dame ta. Aka kai ta wani asibiti aka sa mata wuƙa, ko wata takwas ba ta yi ba. Maman Hanif, 'yata, ni dai shawarata ku yi tunani kafin ku bari a taɓa baiwar Allah nan.

Uwani:
Allah ya jiƙanta Baba, ya sa Aljanna ce makoma.

Abban Walid:
Gaskiya maganar Baba abin dubawa ce. Ni ma na san mutum biyu da haka ta faru da su.

Dokta Nafi'u:
Baba, Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ka ladan haƙuri. Ba zan ce maganarka ba ta da tushe ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. A 1985 ɗakin binciken Mina Bissell a Berkeley ya nuna cewa kazar da aka sa wa wata ƙwayar cuta mai haddasa sankara, in aka ji mata rauni a ɗaya fiffiken, a daidai wurin raunin ƙari ke fitowa. Shekara guda bayan nan wani masani a Boston, Harold Dvorak, ya siffanta ƙari da raunin da ya ƙi warkewa, mu da Hausa sai mu ce gyambo. A 2003 kuma masu bincike a Milan suka ɗebi ruwan da ke tsiyaya daga wurin tiyata suka zuba wa tantanan sankara masu HER2 a kwanon gwaji, suka ƙara saurin rabuwa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma Baba, taki yana aiki ne a kan abin da ya rage a gona. In an tumɓuke ƙarin gaba ɗaya da gefensa mai lafiya, ruwan raunin bai da abin da zai ciyar. Matsalar tana zuwa ne idan tun kafin wuƙa 'ya'yan ƙarin sun riga sun bi jini sun sauka a huhu ko hanta ko ƙashi, ƙanana yadda hoto ba ya nuna su. Shekara biyun da Hajiya ta yi tana daka, ciwon ba barci yake ba, tafiya yake a ɓoye. Sankarar mama a farkonta ba ta cika yin zafi ba, wannan shi ne makircinta. Ban ga fayil ɗin Hajiya ba, ba zan yanke hukunci a kan abin da ya same ta ba. Abin da na sani shi ne, a ƙasashen da mata ke zuwa da wuri ana yi musu aiki, kusan 9 cikin 10 suna raye bayan shekara biyar, kuma duk da wuƙar aka bi.

Binciken Milan ɗin nan ma, da suka sa trastuzumab a kwanon, saurin rabuwar ya ragu.

Baba Ɗanlami:
Dokta ka iya magana, ba musu. Amma kai kana faɗin na Turai, ni ina faɗin abin da idona ya gani.

Sista Larai:
Baba ranka ya daɗe, ka yi min afuwa in faɗi nawa abin da ido ya gani, shekarata 19 ina wankin ciwo a ɗakin mata. Mafi yawan masu zuwa mana sun riga sun yi wata shida, wasu shekara, ana shafa musu ƙulli ana turare. Da yawa an yi musu sakiya a gida, an huda wurin wai a fitar da mugun ruwa. To shi abin sakiyar da katako ake yin sa? Ai shi ma ƙarfe ne. Kuma shi ne ainihin abin da Dokta ke faɗa: an yi rauni a tsakiyar ƙari, an bar ƙarin a wurin. Ranar da nonon ya fashe, wari ya hana kowa zama a ɗaki, ranar ake ɗauko ta a kawo mana. In ta cika bayan wata uku sai a koma gari a ce asibiti ya kashe ta. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba sa shela, wata ko kishiyarta ba ta san an cire mata nono ba. Shi ya sa labarin mamatan kawai kuke ji.

Baba Ɗanlami:
Maganar sakiya kam kin kama ni, don ita ma an yi mata. Allah ya yafe mana.

Sista Larai:
Amin Baba. Ba don in fama maka ciwo na faɗa ba, wallahi.

Ummu Kayan Lafiya:
[Admin ya goge wannan saƙo]

Admin:
Dokar gidan nan ba ta canza ba. Ba a tallan magani, balle na "kashe ƙwayar daji cikin kwana 21". Wannan gargaɗi ne na ƙarshe.

Ɗan Birni:
Ni fa zargina kan kajin gidan gona yake. Kaza ta yi kilo biyu cikin sati shida, ai dole akwai sinadarin girma a jikinta, mu kuma mu ci. Da can ina aka san wannan ciwo haka?

Sadiya 'Yar Bayokem:
Malam Ɗan Birni, sinadaran da muke magana a kai furotin ne, ciki yana narkar da su kamar yadda yake narkar da tsoka. Shi ya sa mai ciwon suga allurar insulin yake yi, ba haɗiya ba. Saurin girman kajin nan daga zaɓen iri ne na shekaru da dama da kuma abincin da ake ba su. Da can kuma ciwon yana nan, sunansa ne daji ko sammu.

Uwani:
To suga fa? Wata maƙwabciyarmu an hana ta shinkafa da tuwo da 'ya'yan itace duka, wai kar ta ciyar da ciwon. Ta rame kamar ba ita ba.

Dokta Nafi'u:
Wanda ya hana ta bai kyauta mata ba. Ko ba ta ci komai ba hanta za ta ƙera suga ta zuba a jini, in ya kama ta narkar da tsokar jikinta ta yi. Mai shan kemo ƙarfi take buƙata.

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne ƙiba ta shekara da shekaru. Tana sa insulin ya yi yawa a jini, shi kuma yana da ɗan'uwa, IGF-1, wanda sinadarin haɓaka ne sosai. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon ta lissafa nau'in sankara 13 masu alaƙa da ƙiba a 2016. Akwai wasu mutane a kudancin Ekwado masu wata larurar gado da ake kira Laron, jikinsu ba ya jin kiran sinadarin tsawo, don haka IGF-1 ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, gajeru ne sosai. An bi mutum 99 daga cikinsu tsawon shekara 22, aka wallafa a 2011: mutum ɗaya tak ya yi sankara, kuma ba ita ta kashe shi ba, alhali a danginsu masu tsawo an samu kashi 17 cikin 100. Sai dai kar a yi saurin murna. Kamfanoni sun zuba kuɗi sun ƙera magungunan toshe zauren IGF-1, da aka kai su manyan gwaje-gwaje a kan masu sankara ba su yi abin kirki ba. Abin da ke kare mutum tun yana lafiya daban, abin da ke warkar da wanda ya riga ya kamu daban.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, kaina ya fara wayewa. Amma Dokta, in an toshe zauren shi ke nan an gama? Don na ji ana cewa wasu yana dawo musu ko sun yi allurar.

Dokta Nafi'u:
Yana dawowa ga wasu, ba zan ɓoye miki ba. Ƙari ba tantani iri ɗaya ba ne, miliyoyi ne, kuma kowace rabuwa ana iya yin kuskuren kwafi. In magani ya kashe masu jin magana, ɗan tsirarun da suka sami wata hanya su ne ke cike gurbin.

Misalin da ya fi fitowa fili a huhu yake. A 2004 aka gano cewa wasu masu sankarar huhu, galibi waɗanda ba su taɓa shan taba ba, mata, da mutanen gabashin Asiya, zauren EGF ɗinsu ne ya lalace ya maƙale a kunne, ba yawa ya yi ba. In aka ba su ƙwayar gefitinib, mutumin da ke numfashi da ƙyar sai ka gan shi yana tafiya da ƙafarsa. Bayan kamar shekara guda sai ciwon ya motsa. Da aka duba, a kusan rabinsu zauren ya sake canza siffa a daidai inda maganin ke shiga, kamar an canza kwaɗo an bar ka da tsohon mabuɗi. Sai da aka ƙero wani, osimertinib, a 2015.

Sadiya 'Yar Bayokem:
Dokta in ƙara da na hanji? Shi ya fi ba ni mamaki. Cikin masu sankarar babban hanji, wajen 40 cikin 100 zaurensu lafiya lau yake, yaron cikin gida ne ya zautu. RAS ɗin da na ambata ɗazu, nau'insa da ake kira KRAS, shi ke tsaye a tsakar gida yana ta ihu "ana sallama, ana sallama" alhali ko kare babu a ƙofa. Irin wannan ko ka liƙe zauren da siminti ba abin da zai canza. Akwai allura mai tsada, cetuximab, da aka yi shekaru ana ba kowa kafin a gane cewa masu wannan matsala ba ta yi musu aiki. Yanzu sai an gwada KRAS tukuna. Akwai kuma tantanin da shi da kansa yake ƙera ɗan aiken, ya tura shi waje, ya zagayo ya yi wa gidansu sallama.

Abban Walid:
Wannan ai shi ne a daki mutum a hana shi kuka. Ta ko'ina sun tare hanya.

Kabiru Famasi:
Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na tarar da zance ya yi nisa. Hajiya Maman Hanif, tunda maganar sayar da fili ake, bari in shigo ta ɓangarena.

Herceptin sunan da kamfani ya sa wa maganin ne. Yanzu akwai trastuzumab na wasu kamfanoni da aka tabbatar aikinsu ɗaya, kuma sun fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin magungunan dole tun 2015, ta kuma tantance irin waɗannan na farko a Disambar 2019. Ku tambayi likitanku da famasin asibitin wanne suke da shi. Ka'ida ana yin ta duk bayan sati uku har shekara guda, wajen sau 17 ko 18 ke nan, kuma da nauyin jiki ake auna ta, don haka ku yi lissafin duka tun yanzu. Abin da na fi gani yana karya iyali shi ne a sayar da kadara a yi allura uku kuɗi ya ƙare.

Kuma don Allah kar ku saya a hannun wani da ya ce yana da hanya. Maganin nan furotin ne, a firji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ya kwana a but ɗin mota a zafin Afrilu, kwalba kawai kuka saya. Jabu kuma ba a nan kaɗai ba, a Amurka ma a 2012 an kama jabun wani maganin sankara, Avastin, wanda babu ko ɗigon maganin a ciki.

Maman Hanif:
Sau 18! Innalillahi. Lissafinmu ko rabi bai kai ba.

Kabiru Famasi:
Kar ki karaya tukuna. An yi wani babban gwaji a Ingila mai suna PERSEPHONE, mata sama da 4,000, aka raba su, wasu wata 6 wasu wata 12. Bayan shekara huɗu, waɗanda ciwon bai dawo musu ba kashi 89.4 ne a 'yan wata shida, 89.8 a 'yan shekara. Ni a ganina ga mai ƙaramin ƙarfi wannan babban labari ne.

Dokta Nafi'u:
Malam Kabiru, a nan zan ɗan ja da kai. Faransa ta yi irin wannan gwaji, PHARE, kuma bai iya tabbatar da cewa wata shida ya kai shekara ba. Shi ya sa har yanzu shekara ce ma'auni a mafi yawan wurare.

Kabiru Famasi:
Na sani Dokta. Amma su masu rubuta ma'aunin inshora ke biya musu. Mu nan zaɓin ba tsakanin 6 da 12 yake ba, tsakanin 6 da babu ne.

Dokta Nafi'u:
A wannan kam ba mu da saɓani. Wata shida cikakku da aka tsara tun farko sun fi shekarar da aka fara aka yanke a wata na biyu nesa ba kusa ba. Abin da ba na so shi ne iyali su yanke da kansu daga abin da suka karanta a waya. Hajiya, ku zauna da likitan Goggo ku faɗa masa iya ƙarfinku ba kunya, shi ya ga girman ƙarin da ko ya kai hammata. Sau da yawa a irin nata ana fara kemo da allurar kafin aiki, ƙarin ya motse, a kuma ga yadda yake jin maganin.

Abu ɗaya da kar ku bari a tsallake: hoton zuciya da ake kira eko, kafin a fara, sannan kamar duk wata uku. Tsokar zuciya ma tana amfani da HER2 wajen gyara kanta, don haka allurar kan raunana bugunta ga wasu. Galibi in an gano da wuri aka dakata yana farfaɗowa. In Goggo na da hawan jini ku faɗa.

Ɗan Birni:
Malam Kabiru ya ambaci Avastin. Ba ita ce aka yi wa babana a ido ba saboda ciwon suga? Kar dai maganin daji aka sa masa ba mu sani ba.

Kabiru Famasi:
Ita ce, amma kwantar da hankalinka. Ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu hanyar jini, don haka yakan aika wani ɗan aike, VEGF, ya kira jijiyoyin jini su tsiro zuwa gare shi. Judah Folkman ya kawo wannan tunani a 1971, aka daɗe ana masa kallon mai mafarki, sai 2004 maganin da ke tare VEGF, wato Avastin, ya fito. A idon mai ciwon suga ma VEGF ɗin ne ke sa jijiyoyi tsirowa barkatai suna yoyo, shi ya sa ake sa ɗan kaɗan a idon.

Maman Hanif:
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri da ni. A takardar maganin da aka rubuta mana akwai wata allura, filgrastim, nas ta ce ta ƙara jini ce bayan kemo. Na duba a intanet na ga an ce ita ma sinadarin haɓaka ce. Gabana ya faɗi. Yaya za a ba mai wannan ciwo abin da ke sa tantani rabuwa?

Baba Ɗanlami:
Yawwa. Ni ma ina sauraron amsar wannan.

Sista Larai:
Kowane ɗan aike da ƙofar da yake sallama, Hajiya. Wannan ɓargo yake zuwa, ya ce a ƙera fararen ƙwayoyin jini, don kemo yana kwashe su, kuma in suka yi ƙasa ƙaramin zazzaɓi na iya kayar da mutum. Za ta iya jin ciwon ƙashi a baya da ƙugu kwana biyu, aikin ne yake yi. In kuwa jikinta ya yi zafi ya kai 38 bayan kemo, ko tsakar dare ne ku taho asibiti, kar a tsaya shan farasitamol a gida.

Dokta Nafi'u:
Haka ne. Wadda ake taka-tsantsan da ita ita ce EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Ita an ga ta taƙaita rayuwar wasu masu sankara a gwaje-gwaje, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata babban gargaɗi a 2007. Tsoronki ba na banza ba ne, allurar ce dai ba ita ba.

Baba Ɗanlami:
To. Ni dai har yanzu wuƙar nan ba ta kwanta min ba, tsufa ne. Amma 'yata, in za ku yi ku yi da wuri, kar ku yi irin tawa.

Maman Hanif:
In sha Allah Baba, na gode da ka faɗi abin da ba kowa zai iya faɗa a bainar jama'a ba. Na kira yayanmu na karanta masa duka. Mun tsayar ba za a sa filin a kasuwa ba sai mun ga likita ranar Alhamis, mun ji sau nawa ne, na wane kamfani ne, kuma an yi hoton zuciyar. Goggo tana da hawan jini shekara shida, kuma ban tuna mun faɗa masa ba. Sista Larai, na turo miki saƙo ta gefe kan abin da za ta riƙa ci kafin ranar.